Yadda Na Ciyar da Mashaya Bakwai

Tun da muka dawo ban huta ba. A shagon aski na unguwarmu Stapleton an tambaye ni, a ƙofar masallaci an tambaye ni, har wani direba da ban ma san sunansa ba ya sauke gilashi a danja ya ce, "Sule, wai da gaske ka tara mashaya ka ba su abinci?" Da gaske ne. Na ba su, har da ƙari. Amma tunda an fara sa wa labarin gishiri, wasu ma suna cewa na taka rawa da su, gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in nemi abincina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan zangon Kumasi ne, shekara ashirin da biyu ina tuƙa tasi a New York. Matata Hajara tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. 'Ya'yanmu biyu, Hamdiya mai shekara goma sha takwas da autarmu Zulaiha mai shekara bakwai. Hamdiya ta sami gurbi a wata jami'a can arewacin jihar New York, tafiyar awa huɗu daga gida, kuma a ɗakin kwanan ɗalibai za ta zauna. Na ce ba da ni ba. Ga kwaleji nan Staten Island inda muke zaune, bas ɗaya za ta hau, ta yi karatunta ta dawo ta kwana a ɗakinta.

Ba ƙin karatu nake yi ba. Ni na san 'yan jami'ar ƙasar nan, sani na gaske. Na ɗauke su suna waƙa, na ɗauke su suna kuka, na ɗauki wadda ta manta adireshin gidansu, kuma da hannun nan nawa na wanke kujerar baya sau ba adadi. Makarantar ta ba Hamdiya zuwa ranar Litinin ta ce za ta zo ko ba za ta zo ba. Ni kuwa na riga na ba da tawa amsar, har na daina amsa gaisuwar duk wanda ya tayar da zancen.

Sai Hajara ta tuna mini wani alkawari. Tun bara na ce wa Zulaiha idan sanyi ya wuce zan kai ta babban filin wasan nan mai lilo da jiragen da ke kifewa da mutane. "Baban Hamdiya," in ji ta, "yarinyar nan kullum sai ta tambaya. Na ma kama mana ɗaki a masauki. Asabar mu tafi, Lahadi mu dawo." Na yarda. Sai da na sa adireshin a waya ranar tafiya na ga filin wasan da jami'ar Hamdiya rabin awa ne tsakaninsu. Na dubi Hajara, ta duƙufa tana gyara ɗankwalin Zulaiha wanda ba abin da ya same shi.

Kayan da aka loda wa tsohuwar motar gidanmu, in ka gani sai ka ce ƙaura za mu yi. Kula biyu, tukunyar lantarki, tabarma, buta, kwalbar shito, wato yajin nan namu baƙi da ake soyawa da busasshen kifi, da jarka guda ta sobolo, wanda 'yan Najeriya ke kira zoɓo. Na ce, "Hajara, can ma fa akwai abinci." Ta ce, "Akwai, amma ba ka ci kwaraa, ko loma, sai ƙorafi." Gaskiya ta faɗa.

Abin dariya a hanyar nan shi ne, in za ka bar birnin New York ka je arewacin jihar New York, sai ka ratsa ta New Jersey. Muka hau gada muka sauka a wata jiha, ba shinge, ba soja, ba wanda ya ce a buɗe but. Na ba yaran labarin yadda na taɓa kwana biyu a Aflao, bakin iyakar Ghana da Togo, saboda kwalin sabulu guda. Zulaiha ta tambaye ni da Turanci me ya sa ban nuna musu rasit ba. Hamdiya kuwa, tun da muka fito ta jingina kai da gilashi, abin sauraro a kunne, kuma na san ba abin da take saurara.

Da muka wuce biranen, sai gonaki da shanu. A wurin hutawa wata tsohuwar Baturiya ta tare Hajara a bakin famfo tana shafa mayafinta, tana tambaya wa ya yi ɗinkin. Kafin in gama shan kofi sun yi hoto tare, tsohuwar ta ba ta labarin tiyatar gwiwarta daga farko har ƙarshe. Haka Hajara take, ko bango ne sai ya faɗa mata damuwarsa.

Bayan azahar muka isa garin jami'ar. Na ce ni a mota zan zauna. Hajara ta ce, "To, zauna. Mutane su ga yarinya da uwa, su ɗauka marainiya ce." Na fito.

Wani saurayi aka haɗa mu da shi, da wasu iyaye, ya zagaya da mu. Abin da ya ɗaure mini kai, da baya yake tafiya. Fuskarsa na kallonmu, ƙafafunsa na ja da baya, yana zuba bayani, ya hau matakala ya sauka bai ko tuntuɓe ba. Na tambayi Hamdiya ko ba shi da lafiya ne, ta ce haka al'adarsu take, don kada ya juya wa baƙi baya. Wannan kam na yaba. Ya nuna ɗakin karatu, ya nuna wurin cin abinci, ya nuna wani ɗan ɗaki mai kafet da aka ware wa masu salla. Hajara ta zungure ni da gwiwar hannu. Ni kuwa idona yana kan kwandunan shara na bayan ɗakunan kwana, inda gwangwanaye suka cika har suna zubowa. Na nuna mata su da haɓa, ita ma ta gani.

Masaukinmu irin na bakin hanya ne, kana fakin a ƙofar ɗakinka. Mai wurin wani dattijo ne ɗan Indiya, mai tabarau da igiya a wuya. A bango an rubuta ba a girki a ɗaki. Hajara ta karanta, ta gyaɗa kai, da gari ya waye bayan mun yi salla ta jona tukunyarta. Shinkafa da wake irin namu na Kumasi, wanda ake dafawa da ganyen dawa har ya yi ja, ya dahu lafiya lau. Rigimar ta zo ne da ta ce bari ta ɗan ɗumama shito. Ƙararrawar hayaƙi ta ɗau ihu. Na tsinci kaina a kan kujera, daga ni sai singileti, ina fifita silin da sallaya, Zulaiha tana tsalle a gado tana tafi.

Dattijon ya ƙwanƙwasa. Na buɗe ina shirin ba da haƙuri, sai na ga hancinsa ya riga idonsa shiga ɗakin. Ya kashe ƙararrawar da sanda, ya ce a buɗe taga, ya tsaya yana shaƙar ƙamshin. Na ce masa da Turanci ya zo mu ci. Ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna, ya ce ya gode, ya riga ya karya. Ya tafi abinsa.

Ku riƙe wannan, don nan ne tushen abin da ya same ni. A wurinmu ba a cin abinci a gaban mutum ba a kira shi ba. Ko baƙo ne a tasha, ko wanda kuka yi faɗa jiya, in ya zo wucewa hannunka na cikin kwano sai ka ce bismillah. Shi kuma ya san nasa, zai ce alhamdulillahi, a ci lafiya, ya wuce. Kai ka fita haƙƙinsa, shi ya fita naka, abincinka yana nan yadda yake. Ɗan Indiyan nan ya san wannan karatun. Na ce wa Hajara, "Kin ga mutumin da aka yi wa tarbiyya."

Iyakar da ban gani a kan gada ba, a ƙofar filin wasa na same ta. Layi, shingen ƙarfe, na'urar da ke kuka in ta ji makulli, da masu gadi suna zazzage jakunkuna. Wata mai gadi, ƙatuwar mace mai fara'a, ta zaro gorar sobolo daga jakar Hajara, ta ɗaga ta a rana, ta buɗe ta shinshina. Hajara ta haɗa rai. "Me take nufi? Ni za a shinshina wa abu?" Matar ta ba da haƙuri, ta ce wannan makon ɗalibai suka gama jarrabawa, kuma dabararsu ita ce ɗura giya a gorar ruwa ko ta lemo. Ta ce namu ba giya ba ne, amma ba a shiga da abinci ko abin sha na waje. In yunwa ta kama mu, mu fito wurin fakin mu ci, za a buga mana hatimi a bayan hannu don mu koma. Na kwashi kayan na mayar mota, ina gumi ina tsaki.

Da safen nan dai mun more. Zulaiha ta hau dawakin roba masu zagayawa sau uku, ta shiga wasu manyan kofuna masu juyawa ta ja uwarta ciki, Hajara ta fito tana dafa bango tana salati. An matsa mini in hau jirgin da ke hawa sama ya kife. Na ce ni direba ne, ba na shiga abin da ba shi da sitiyari. Na tsaya ƙasa riƙe da jakunkuna, ina kallon manyan mutane masu furfura suna kururuwa a sama da son ransu.

A layin wani jirgin ruwa na yara muka fara haɗuwa da su. Su bakwai ne da wata budurwa mai ƙaramin jiki ta takwas a bayansu. Tun daga nesa ka ji su. Ɗaya dogo mai jan gashi ya cire riga ya ɗaura a ka, an zana masa fuskar dariya a tumbi. Suna waƙa, suna ture juna, wata ta hau wuyan wani, ashar kuwa kamar ruwan famfo. Warin ya riga su isowa. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, ni ma na toshe wa Zulaiha kunnuwa. Sai idona ya sauka kan rigunansu. Sunan jami'ar Hamdiya ne a jikin kowace riga, da manyan baƙaƙe.

Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Na juya na ce, "Hamdiya, ga 'yan makarantarku nan, ba za ki gaisa da su ba?" Ta kau da kai. Hajara ta harare ni, amma ita ma na ga jikinta ya yi sanyi. A raina na ce magana ta ƙare, Allah da kanSa Ya kawo mini shaidu.

Da rana ta take muka fito cin abinci. Muka shimfiɗa tabarma a ɗan ciyayin da ke gefen motarmu, Hajara ta buɗe kula. Shinkafa da wake, taliya, dafaffen ƙwai, soyayyar kaza, garin rogo da aka jiƙa da mai, ga shito a gefe. Na wanke hannu na kai loma biyu ke nan, sai kiɗa ya tashi a motar da ke kusa da mu. Su ne. Sun buɗe but, sun fito da jajayen kofunan roba, abin da aka hana su shiga da shi suna ƙarasa shi a waje.

Na juya musu baya. Amma dogon nan mai jan gashi, wanda tun daga lokacin na raɗa masa Jan-kai, ya zagayo neman inda zai zubar da ƙanƙara, ya tsaya cak yana kallon farantina. Na ɗaga kai. Idonmu ya haɗu, ga loma a hannuna.

Wallahi ban yi shawara da bakina ba. Shekara hamsin da wani abu yana yin abin nan, bai jira ni ba. Sai ji na yi na ce da Turanci, "Zo mu ci."

Ban gama rufe baki ba ya ce, "Da gaske?" Ya juya ya ƙwala wa sauran kira, "Kai, mutumin nan ya ce mu zo mu ci!"

Hajara ta ajiye ludayi ta dube ni. "Baban Hamdiya, me ka yi?"

"Bismillah kawai na yi masa."

"Wannan ya yi maka kama da wanda ya san bismillah?"

Kafin mu gama sun iso, sun zube a ciyawa sun kewaye tabarma. To, ya zan yi? Mutumin da ka kira abinci da bakinka ba ka korarsa, ko da shaiɗan ne ya goyo shi. Hajara ta ja dogon numfashi, ta fara zubawa a farantan takarda. Abin da ta dafa don mu ci rana mu ci dare, har a rage na Litinin, na zuba ido ina kallo yana tafiya.

Sun ci kamar waɗanda aka sako daga kurkuku. Hajara ta gargaɗe su a kan shito, Jan-kai ya ce shi ba yajin da ke ba shi tsoro, ya kwashi cokali guda ya dama. Bayan minti ɗaya fuskarsa ta koma kalar gashinsa, hawaye na zuba, yana hura baki yana cewa a ƙara masa. Zulaiha ta yi dariya har ta kwanta. Wata ta rungume Hajara tana kiranta Mama, ta ce tun Kirsimeti ba ta ci abincin da aka dafa a gida ba. Na ga fuskar Hajara ta saki, ta ƙara mata cinyar kaza, cinyar da ni na yi wa ido tun a masauki.

Ta takwas ɗin nan, ƙaramar, ita kaɗai ta tsaya ta ce mun tabbata ba mu damu ba, kuma ita kaɗai ta wanke hannu. Sunanta Keti. Ba kofi a hannunta, idonta garau. A wuyanta akwai igiya da makullai har kashi uku suna kaɗawa. Ni direba ne, makulli ba ya wuce ni. Na tambaye ta na mene ne.

Ta ce ai ita ce mai tuƙi yau. Kafin kowa ya kai kofi baki, duk mai makulli sai ya miƙa mata, na mota da na ɗaki, kuma ba ta mayarwa sai gobe, ko mutum zai yi kuka. Ta ce ita ba ta sha, mahaifinta giya ce ta kashe masa aure, don haka kusan kullum ita ce. Na ce ba sa matsa mata? Ta yi dariya ta ce rububinta ma ake yi, duk mai shirin fita sai ya fara tambaya ko tana da lokaci. Na ce to me ya haɗa ta da su? Ta dubi Jan-kai yana share hawaye da rigarsa ta ce, "Ranar Talata wannan shi ke koya mini lissafi. Ba haka yake ba sai ya sha."

Jan-kai kuwa cikinsa ya cika, sai ladabi ya motsa masa. Ya ruga mota ya dawo da jajayen kofuna biyu cike, wai shi ma zai rama alheri. Ya miƙo mini ɗaya, Keti ta buge hannunsa. Sai ya juya ya miƙa wa Hamdiya ɗayan.

Na ji jinina ya hau har kunne. Na yunƙura zan tashi, Hajara ta danne mini gwiwa. Hamdiya ko ɗagowa ba ta yi da sauri ba. Ta gama ɓare wa Zulaiha ƙwai, ta dube shi ta ce, "Ba na sha. Kai ma ya ishe ka haka. Zubar da wannan ka kawo kofin." Ya tsaya yana kallonta, sai ya tuntsurar da shi a ciyawa. Ta ɗauraye kofin da ruwan buta, ta cika masa da sobolo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta dube ni ba, kamar mai korar kaza daga kan shanya.

Da muka tashi yin azahar Keti ta kashe kiɗan. Jan-kai ya naɗa kansa mai gadinmu, ya tsaya a bayanmu yana daka wa duk mai wucewa tsawa ya yi shiru ana addu'a. Ihunsa ya fi kiɗan damun mu. Ban taɓa sallar da na sha wahalar riƙe dariya irin wannan ba.

Kada wani ya ɗauka shinkafar Hajara ta shiryar da su. Bayan mun koma ciki da kamar awa ɗaya muka tarar da taro a gaban babban jirgin. Jan-kai ya tsallake shinge don ya wuce layi, wani uba mai 'ya'ya biyu ya yi magana, ya zage shi tas a gaban yaransa. Masu gadi suka riƙe shi ta hammata suka yi waje da shi, kuma ya cancanta. Sauran suka bi su suna hayaniya. Aka bar Keti ita kaɗai da yarinyar nan da ta kira Hajara Mama, wadda ta sauko daga jirgi ta zube a gefen hanya tana amai, mutane na kaucewa suna toshe hanci.

Kafin in ce mu wuce, Hamdiya ta miƙa mini jakarta. Ta durƙusa, ta tattare wa yarinyar gashi ta ɗaure da abin gashin Zulaiha. Suka kama ta ita da Keti zuwa benci a inuwa. Hamdiya ta kwantar da ita ta gefe, ta tanƙwara mata ƙafa ɗaya, ta ce kada a bar ta ta kwanta rigingine. Ta riƙa kiran sunanta tana sa ta amsawa, ta aiki wani ma'aikaci ya kira masu ba da agaji, ta ce ruwa kaɗan-kaɗan, ba a ɗura mata ba. Da masu agajin suka zo suka duba, ba abin da suka gyara a aikinta.

Da ta dawo tana goge hannu na ce, "A ina kika koyi wannan?"

Hamdiya tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsa mana tun tana firamare. Ranar nan da Hausa ta amsa, a hankali, tana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, kai a madubi kake ganin su, minti ashirin su sauka. Ni aji ɗaya nake zama da irinsu tun ina shekara sha huɗu. A Staten Island. Bas ɗaya daga gida." Ta karɓi jakarta. "An miƙo mini kofin nan ya fi sau ɗari. Ba ka nan ko sau ɗaya."

Kunya ta kama ni, da wani abu kuma mai kama da alfahari, suka cakuɗe a ƙirjina. Shekara huɗu ina gadin ƙofar gaba, ashe yarinyar ita ke tsare kanta, ban ko sani ba balle in ce sannu.

A wurin fakin muka sake ganinsu. Jan-kai yana zaune a ƙasa jingine da taya, ya yi laushi, ya ɗaga mana hannu. Keti ta loda su ɗaya bayan ɗaya, ta bi kowa ta ja bel ɗinsa ta ji ya kama, ta kulle ƙofofin baya. Ta zauna ta matso da kujera, ta gyara madubi, ta duba hagu da dama, ta fita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na tsaya har ta ɓace. Da a ce ni ke ba da lasin, da na ƙara mata wani.

A hanyar dawowa Zulaiha ta yi barci, Hajara ta yi kamar tana yi. Wajen la'asar sakaliya na hango wani babban kanti da ya rufe, filin fakin ɗinsa fayau ba mota ko ɗaya. Na sa sigina na shiga, na tsaya a tsakiya, na kashe mota. Shekara guda ke nan da Hamdiya ta ci jarrabawar takardar koyon tuƙi, kuma shekara guda ke nan ina ce mata sai na sami lokaci. Na zare makullin na miƙa baya.

"Zo nan gaba."

"Baba?"

"Gobe ki ba su amsa, ki ce kina zuwa. Amma ba inda za ki sai kin iya mota, har fakin da baya. In kin je can, duk inda za a fita, ke za ki riƙe makullai. Kin ji ko?"

Ta ce, "Na ji, Baba." Muka yi musanyar wuri. Ta matso da kujera, ta sauko da madubi daidai tsayinta, ta tayar. Motar ta yi gaba kamar taku goma, sai ta taka burki da dukkan ƙarfinta. Kula ta taho daga baya ta daki kujera, ragowar sobolo ya malale a kan tabarma, Zulaiha ta farka tana tambaya ko mun hau wani jirgin ne. Hajara tana dariya tana share ido da bakin mayafi. "Kin ga," in ji ta, "yau dai babanki ya shiga abin da sitiyari ba ya hannunsa."

Muka yi ta zagaya filin nan har rana ta yi ja, sannan na karɓa na kawo mu gida. Yanzu kowace Lahadi da safe muna wani fili a Port Richmond, kusa da gida, ina gefe ina taka burkin da babu shi.

Masu tambaya ko na yi nadamar kiran mashaya abinci, cinyar kazar nan kaɗai ke mini ciwo. Sauran kuwa, ranar Lahadin da ta wuce bayan darasi na shiga motar ni kaɗai zan je sayen burodi. Na ɗaga ido in duba baya, sai na ga madubin yana inda ta bar shi, ƙasa-ƙasa, ba ya nuna mini komai sai kujerar baya wayam. Na daɗe a zaune kafin na iya ɗaga hannu na gyara shi.